Gyaren da Ya Raba Baba da Kalangu

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Baba ya riga mu kama hanya. Ya cika ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na gidanmu da ke Ƙofar Taramniya, fanka na juyawa a saman kansa kamar yadda yake so. Kafin la'asar an kai shi makwanci. Ni ce 'yarsa ta fari, ni ce kuma nake tare da shi tun da maigidana ya rasu na dawo gida, saboda haka a gabana mata suka yi ta zubewa suna gaisuwa.

Kowace da abin da ta riƙo. Wata tsohuwa da ban ma sani ba ta taso tun daga Sabon Gari a ƙafa, ta ce shekara da shekaru in ta je runji sayen nama, gyaran da Baba ke ɗora mata ya fi abin da ta saya. Gwaggo, ƙanwarsa da ta rage mana, ta ɗauki hularsa ta ɗora a cinya tana ta shafawa. Matan rundawa, wato mahauta abokan sana'arsa, suka cika tsakar gida. Wannan ta ce ba a taɓa jin ya yi rantsuwa a kan ciniki ba, waccan ta ce shi ya koya wa mijinta riƙon wuƙa. Duk na ji, duk na amsa da amin.

Sai dai akwai magana guda da kowace ke rufe baki da ita. "Allah ya yi mashi gyaran ƙarshe. Mutumin da anka sani da kalangu, ya zo ya tuba ya bar kiɗa." Ta farko ta faɗa, na haɗiye. Ta biyu ta faɗa, na haɗiye. Can kuma daga ƙofar gida, inda maza ke zaune, na jiyo muryar surukin ƙanena, malami ne babba da ake ji da shi a unguwarsu, yana ba mutane labarin ranar da Baba ya sa yatsu ya toshe kunnuwansa a gaban makaɗi, a bainar jama'a. Ya ce da idonsa ya gani. Maza suka ɗauki kabbara. Na taso na leƙa ta labulen zaure, sai na hango wani tsoho siriri can ƙarshen tabarma, wurin da aka tara takalma, ya sunkuyar da kai. Shi ne makaɗin da ake magana a kansa. Ba wanda ya ce masa ya matso.

Wallahi sai da na ji kamar in yaye labulen in fita.

Ban zo yin gardama da malamai a kan kiɗa ba. Ni wa? Karatuna bai kai nan ba. Baba kuwa ba sai da tsufa ya san hanyar masallaci ba, tun ina ƙarama ban taɓa ganin kiran asuba ya same shi a kwance ba. Abin da na sani shi ne an naɗa masa rawanin da ba nasa ba, kuma da wulaƙancin wani bawan Allah aka naɗa shi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. In za a tuna da Baba, a tuna da shi yadda yake.

Wanda bai tashi a gidan rundawa ba, ba zai gane abin da ke tsakanin barunje da kalangu ba. A da, kafin kowa ya samu waya, kalangu ke gaya wa gari an yi yanka. Daga cikin ɗaki mace za ta ji kiɗa ta san yau sa aka kayar ko saniya, mai kitse ce ko ramammiya. Kowane barunje da ya isa yana da takensa, wato 'yar maganar da ganga ke faɗa dominsa shi kaɗai, kuma yana da makaɗinsa. Namu muna kiransa Baba Makaɗi. Ubansa ne ya yi wa kakanmu kiɗa, shi da Baba kuma rana ɗaya aka yi musu kaciya, ɗaki ɗaya suka yi jinya. Taken Baba gajere ne: wuƙa guda, magana guda. In ya yanka ba ya sakewa, in ya faɗi farashi ba ya sakewa.

Makaɗi ba ya tsayawa nesa. Zai zagayo ta bayan mutuminsa, ya kawo kalangu daidai kafaɗarsa, kusan a kan kunne, ya matse tsirkiya ya saki taken. Shi kuma barunje ya ɗaga hannun dama sama, da wuƙa ko babu, alamar ya ji kuma ya amsa. Ƙin ɗaga hannun nan ba ƙaramin abu ba ne, daidai yake da a yi maka sallama ka kau da kai. In an gama fiɗa sai a yanki kason makaɗi a ajiye gefe. Ba sadaka ba ce, haƙƙinsa ne. Baba yakan tsokani abokinsa ya ce, "Kalangu ba shi ƙarya, sai in an cika shi da nama." Shi kuma ya ce, "To rage mani ka ji abin da zan gaya ma gari."

Ba kalangu kaɗai yake so ba. Goge, kukuma, garaya, kotso, duk nasa ne. Yana da kwali guda cike da kaset a ƙarƙashin gado, ba mai taɓa masa. Ko wuƙa yake wasawa da kiɗa yake wasa ta, yana yi yana gunjin waƙa ƙasa-ƙasa a maƙogwaro, ta nan muke sanin ya shigo gida. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce masa, "Da rediyon ga na tuƙa tuwo, da tuni ka sallame ni." Sai ya yi dariya ya ƙara murya. Ni kuwa bai taɓa faɗar sunana ba, ga kunyar 'yar fari, ga sunan mahaifiyarsa da aka sa mini. Innata yake ce mini, har na yi furfura.

Abin ya fara ne bayan wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da shi. Ya samu sauƙi, wata rana da azahar aka ɗauke wuta, gida ya yi tsit, sai ya kira ni.

"Innata, nemo gyaren ga ki fitar mani da shi. Ya hana ni sakat."

Na ɗaga tabarma, na jawo akwatuna, na share bayan gado. Ba gyare, ba dalilinsa. Na ce ni ban ma ji kukansa ba. Ya fusata, ya ce, "Kurame na haifa? Ga abu shina tsiii awa zai huda mani kai!" Washegari ya ji shi a runji. Ya ji shi a masallaci yana cikin sujada. Da ya dawo bai ƙara cewa a nemo gyare ba, ya zauna bakin gado ya daɗe yana kallon bango.

Ba abin da ba a yi ba. Gwaggo ta ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi tofi. Wata ta ce a ɗiga man shanu, wani ya ce ruwan albasa. Baba ya ce ya gaji, kunnensa ya koma tukunyar miya. Daga ƙarshe na matsa masa muka je asibiti. Likitan ya haska ciki, ya sa masa wani abu a kai yana kunna ƙararraki, sannan ya ce babu ƙwaro, babu ƙurji, jinsa ne ya ragu, ƙarar kuma daga ciki take. Ya ce babu maganin da zai sha ta ɗauke, sai dai ya guji ƙara mai ƙarfi, kuma kada ya zauna cikin shiru, ya riƙa barin wani abu na motsi kusa da shi, ko fanka ko rediyo a hankali.

Sai ya tambaya, "Baba, ka taɓa aiki kusa da inji?"

Baba ya ce a'a. Ni da bakina na ce, sai dai kalangu, na kuma kwatanta masa yadda ake yi. Likitan ya ce ta wane gefe makaɗin ke tsayawa? Na ce dama. Wane kunne ya fi damunsa? Baba ya kai hannu ya taɓa na dama. Likitan ya ce ba zai ce shi kaɗai ba ne, akwai shekaru, akwai zazzaɓin nan, amma ganga a bakin kunne tun ƙuruciya ba za ta rasa hannu a ciki ba.

Keke ya sauke mu a bakin gida. Sai da muka zo ƙofar zaure ya tsaya, bai ko waiwayo ba, ya ce, "Abin da likita yac ce, ya tsaya tsakanina da ke."

Daga baya ya raɗa wa abin suna. Yakan ce ya gamu da maroƙin da ba a sallama. Kowane maroƙi in ka miƙa masa abu zai yi godiya ya ƙara gaba, wannan kuwa ya shimfiɗa tabarma a cikin kai, ba ya karɓar kyauta, ba ya zuwa salla, ba ya gajiya. Yana faɗa yana dariya, mu ma mu yi dariya. Amma gunjin waƙar nan da muke gane shigowarsa da shi ya ɗauke. Sai dai ka ji motsin takalmi.

Ranar da na san abin ya kai inda ya kai, da yamma ce, bayan la'asar. Ya jawo kwalinsa, ya zaɓi kaset ɗin gogen da ya fi so, ya sa. Ya ƙara murya, ya yamutsa fuska, ya rage. Ya juya kunnen hagu, ya matso, ya ja da baya. Ya ce gogen na nan, amma kamar an zuba masa yashi, duk inda tsirkiya ta yi sama sai gyaren ya riga ta zuwa ya haɗiye ta. In ya ƙara murya don ya ji, to kwana da kwanaki zai yi kansa na amsawa. In ya rage, gyare kaɗai yake ji.

Sai ya ce, "Innata, zauna ki saurara mani."

Na zauna. Ya sa mini ido kamar mai jiran a ba shi labarin tafiya.

"Ya kai wurin da 'yan amshi ka shigowa?"

"Bai kai ba, Baba."

"In sun shigo ki gaya mani."

Da suka shigo na gyaɗa masa kai. Ya lumshe ido, leɓensa na motsi, yana bin waƙar daga abin da ya haddace. Ya riga su gamawa. Ya buɗe ido ya ga kaset na ci gaba da juyawa, sai ya miƙa hannu ya kashe. Kuka ya zo mini, na tashi na ce zan duba tukunya. A makon nan ya ba wani mai gyaran rediyo kwalin gaba ɗaya. Unguwa ta ɗauka: Alhaji ya zubar da kaset ɗinsa, Alhaji ya fara tuba.

Haka komai nasa ya koma abin fassara. A masallaci ya bar sahun gaba ya koma can gefe, nesa da lasifika, aka ce tawali'u ne. Ya rage zuwa biki, aka ce gudun duniya ne. A runji ya riƙa fakewa da cewa ciwon kai yake yi, ya bar wurin kafin makaɗa su zagayo. Audugar da yake cusawa a kunne, hula yake ja ya rufe ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mutanen waje kuwa fenti suke yabo.

Sai bikin ƙanena ya zo. 'Yar gidan malamai ya samu, kuma Allah ya sani ƙanena ya daɗe yana jin nauyin a ce masa ɗan barunje a gaban surukansa. An ɗaura aure, maza sun dawo ƙofar gidanmu, mu mata muna leƙe ta zaure. Baba Makaɗi ya zo da kalangunsa ba tare da an kira shi ba, don me za a kira shi, tamkar ɗansa ne ke aure. Ya zagayo ta bayan Baba kamar kullum, ya kawo ganga daidai kafaɗar dama, ya saki taken da duk ƙarfinsa na murna.

Ina kallon fuskar Baba. Na ga hannunsa na dama ya taso, ya kai rabi. Sai fuskar ta murɗe kamar an soka masa tsinke, hannun ya karkace ya tafi kunne, ɗayan ma ya bi. Ya miƙe da yatsu a kunne ya shige gida, ya wuce mu bai gan mu ba. Surukin ƙanena ya ce, "Masha Allah! Haka magabata na ƙwarai sunka yi." Mutanensa suka amsa. Baba Makaɗi ya tsaya da sandar kiɗa a sama, ya duba hagu ya duba dama. Ya sauke ta a hankali, ya rataya kalangunsa, ya bi ta tsakiyar mutane ya tafi.

Na sami Baba a ɗaki ya dafe kai, gumi na zuba. Na bari sai da ya lafa, sannan na buɗe masa wuta. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Haba Baba! Ka aika a kira shi yanzun ga, ka gaya mashi gaskiya. Mutumin ga ka kashe shi da rai nai."

"In ce mashi mi?"

"Ka ce kunnenka ke ciwo!"

"Sai shi ce mi ya kawo ciwon. Kin san shi, sai ya tono. In ce mashi hannu nai ya cuce ni? Hannun da ya yi mani kiɗa tun ƙuruciya? Gara shi ce na ƙi shi don Allah, shi yi hushi da ni, da shi zauna shina kallon hannu nai."

"To ai yanzu ma ka cuce shi."

"Na sani," ya ce. "Na zaɓi wadda zai iya ɗauka. Kar ki gaya mashi ina raye."

Na ce wannan ba dabara ba ce, taurin kai ne. Ya ce to a gidan wa na gado nawa? Kwana biyu ba na kai masa abinci da kaina. Har yau ina ganin bai yi daidai ba, kuma na gaya masa haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma mutumin da takensa magana guda, wa ya isa ya sa shi ta biyu?

Juma'ar da ta biyo ya yanki kason makaɗi ya aika Runjin Sambo, inda Baba Makaɗi ke zaune. Naman ya dawo yadda ya tafi, da saƙo: shi haƙƙi ya saba ci, ba ya cin sadakar wanda ya toshe masa kunne. Baba ya ƙara aikawa, ya ƙara dawowa. Daga nan bai sake aikawa ba, amma bai daina yankawa ba. Duk Juma'a sai ya ware kason nan gefe guda, ya bar shi har a tashi kasuwa, sannan ya miƙa wa duk wanda ya tarar. Yaransa na runji sun ɗauka wata sadaka ce ta musamman. Har ya bar fita kasuwa yana yi.

Shekarunsa na ƙarshe a gaban fanka ya yi su. In an ɗauke wuta sai ya fito tsakar gida ya ce in buɗe famfo kaɗan ya riƙa zuba a bokiti, in babu ruwa ya kunna rediyo ya murɗa ta inda babu tasha, tana shuuu, ya ajiye kusa da kai. Baƙi su zo su same shi haka, su fita suna cewa tsufa ya fara taɓa Alhaji. Abokan hira suka ragu, don in mutum biyu na magana lokaci guda ba ya tsintar ko ɗaya, sai ya yi ta murmushi yana cewa haka ne. Wani lokaci in ana biki a wata unguwa, iska ta kawo amon ganga daga nesa, sai in ga ya daina jan carbi, ya karkata kai. Ba ya tambaya. Mutum ne da ya rayu cikin taro da amo, ya ƙare shi kaɗai da ƙarar da ba wanda ke ji sai shi.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, ina ba shi kunu, ya ce, "Innata, in an sa ni ƙasa, kina ga maroƙin ga zai bi ni?"

Na ce, "Ba zai bi ka ba, Baba, in Allah ya so."

Ya ce, "To madalla. Zan sha shiru."

Ranar addu'ar uku, da maza suka fara watsewa, na tare ƙanena a zaure na ce ya shigo mini da Baba Makaɗi. Ya san dalili, don na gaya masa komai a daren rasuwa. Ya rage murya ya ce, "Yaya, don Allah ki bar mutane da kyakkyawan zato. Mi zai ƙare ki da tone-tone? Ana yabon shi, ke ko kina son a ce ciwo ne." Na ce masa yabon ƙarya ba ya ƙara wa mamaci haske, kuma ga mai rai can wajen takalma yana biyan kuɗin yabon. In ba zai kira shi ba, in sa hijabi in fita da kaina a gaban surukinsa. Ya san zan aikata. Ya fita.

Baba Makaɗi ya shigo yana dafa bango. Ya tsufa ƙwarai, rigar ta yi masa yawa. Na shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa.

"Baba, sannu da haƙuri."

"Ke za a ba haƙuri, ɗiyata." Ya ƙi haɗa ido da ni. "Na san ba a son ganina nan. Na zo don uwayenmu da sunka zauna tare."

Na ce, "Baba, akwai amanar da anka ce kar in faɗa sai ba rai. Yanzu ba rai." Na gaya masa zancen gyare, da kaset, da fanka, da audugar da ke ƙarƙashin hula. Na gaya masa ranar biki hannun ya taso, da idona na gani, ciwo ne ya karkatar da shi. Na gaya masa kason da ake yankawa duk Juma'a. Maganar likita kaɗai na yi niyyar riƙewa.

Can ya ce, "Wane kunne?"

Na sunkuyar da kai.

"Wane kunne, ɗiyata?"

"Na dama."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Nan nike tsaya mashi." Ya dubi hannunsa, ya juya shi ciki da baya, kamar yadda Baba ya ce zai yi. Na ce a raina shi ke nan, Baba ya fi ni gaskiya. Sai na ji ya ce, "Ƙaƙa kukan yake? Awa iska, ko awa gyare?"

Na ce, "Gyare." Sannan na tsaya, don ban taɓa jin wani ya yi wannan tambayar ba.

Ya kai hannu ya ɗaga gefen hularsa na hagu. Ga auduga nan, ta yi baƙi-baƙi da daɗewa.

"Nawa na hagu ne, gefen da nike rataya ganga. Ya riga nashi zuwa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai." Ya mayar da hular. "Makaɗi ba shi faɗin kunne nai ya lalace, wa zai kira shi biki? Ko matata ba ta sani ba har ta mutu. Ranar bikin ga da ƙarfi na buga don ni kaina ba ni jin abin da nike bugawa. Yanzu bakin titi nike wuni, kukan keke da babura na rufe mani shi. Mutane na cewa tsohon ga son kallo gare shi."

Sai hawaye suka zubo masa, ya bar su suna bin gemu. Ya juya wajen ƙofar cikin gida, kamar Baba na nan zaune, ya ce, "Wawa! Wuƙa guda, magana guda, ashe maganar gudan ma ba ka iya faɗinta ba. Kai gaban fanka, ni bakin titi. Da ka faɗa mani ai da mun zauna wuri guda. Ba sai an yi kiɗa ba."

Na so in ce shi ma bai faɗa ba, na ga ya riga ni sani.

Muka zauna haka. A waje ana naɗe tabarmi. Sai na lura yatsunsa biyu na motsi a kan tabarma, a hankali, ba sauti sai ɗan ƙwas-ƙwas. Gidan makoki ne, ba a kiɗa, kuma ba na jin ya san yana yi. Amma na tashi da abin nan a kunnena, ko cikin barci aka buga shi zan gane. Taken Baba ne. Ya kai ƙarshe, ya sake ɗaukowa.

Ba al'adar mata ba ce, ban kuma taɓa yi ba. Na ɗaga hannuna na dama sama, na bar shi a nan.

Yatsun suka tsaya. Ya dube ni, ya dubi hannun. Ya ce, "An amsa." Ya dafa bango ya miƙe, ya ƙi in taimake shi, ya fita ya nemi takalmansa cikin 'yan da suka rage. Na leƙa ta labule har ya kai bakin hanya, shi kaɗai, ya tsaya yana jiran keken Runjin Sambo.

Na koma ciki. Fankar ɗakin Baba na ta juyawa tun ranar Laraba, duk sanda aka kawo wuta sai ta tashi, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ta. Na shiga na kashe ta. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa taurin kansa da namu, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi shirun da ya daɗe yana nema.